Ja da Baya ga Rago Ba Tsoro Ba Ne: Kan Wa'adin Ajiye Kwas a Jami'a

A unguwarmu akwai wani yaro da muka raka tashar mota shekara uku da suka wuce, ranar da zai tafi jami'a. Shi ne na farko a gidansu da ya taɓa kaiwa wannan matsayi. Mahaifinsa mahauci ne, mahaifiyarsa kuwa tun kafin a haife shi take dama koko da tuya ƙosai a bakin titi. A shekararsa ta biyu ya yi rajistar kwas shida. Mako biyu da fara karatu ya gane cewa ɗaya daga ciki, wani kwas na ƙididdiga da ya ɗauka don kawai abokinsa ya ɗauka, an gina shi ne a kan lissafin da bai taɓa yi ba. Wani ɗan ajinsu ya gaya masa cewa doka ta ba shi damar ajiye kwas ɗin, muddin bai bari wa'adi ya wuce ba. Da yake yaro ne mai biyayya, sai ya buga wa mahaifinsa waya.

"Baba, akwai darasi ɗaya da ya fi ƙarfina, ina so in ajiye shi."

"Ka ajiye? Mu da muke tashi tun kafin asuba saboda kai, ka taɓa ganin mun ajiye namu? Ka dage kawai, Allah yana nan."

Yaron ya ce to. Wa'adi ya zo ya wuce. A ƙarshen simista ya ci biyar ya faɗi na shida, kuma sifirin nan yana zaune daram a takardar sakamakonsa, yana jan makinsa ƙasa har yau.

Dattijon nan ba mugu ba ne, abin da ya sani ya faɗa. A kunnensa ajiyewa da gudu duk abu ɗaya ne, domin ba wanda ya taɓa zama da shi ya bayyana masa bambancinsu. Laifin yana wuyanmu, mu 'yan Zango da Allah Ya nufa muka yi boko, muka dawo muna kwana a majalisar shayi muna gardamar ƙwallo da siyasa, ba mu taɓa ware minti goma mun gaya wa iyayen unguwa yadda jami'a ke lissafi ba. Abin da muka zo faɗa a yau shi ne: kwanakin nan kaɗan da jami'a ke bayarwa a farkon kowace simista don ɗalibi ya ajiye kwas ko ya sauya shi haƙƙi ne da iyaye suka biya da guminsu, kuma al'adar da muka ƙirƙiro ta mayar da amfani da shi abin kunya tana cin 'ya'yanmu. Muna da magana da jami'o'i ma, za mu zo kanta, amma shara daga ɗaki ake fara ta.

Bari mu fara da yadda dokar take, saboda iyayen da za a karanta wa wannan rubutu. Shekarar karatu a yawancin jami'o'in Gana kashi biyu ce, kowane kashi ana kiransa simista. A farkon kowace simista ɗalibi yakan shiga shafin jami'a a intanet ya yi rajistar darussan da zai yi, waɗanda ake kira kwasa-kwasai. Wasu dole ne ga duk mai wannan fanni, wasu kuma na zaɓi ne. Kowane kwas yana da nauyi da ake aunawa da kiredit, akwai kuma mafi ƙarancin nauyin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka da mafi yawansa. Bayan an fara shiga aji, akan bar ƙofa a buɗe na ɗan lokaci, makonni kaɗan, don wanda ya ga ya yi kuskuren zaɓi ya cire wani kwas ko ya saka wani. Ranar rufe ƙofar tana rubuce a kalandar karatu da kowace jami'a ke fitarwa. Wanda ya cire kwas kafin ranar, kamar bai taɓa ɗaukarsa ba. Wanda ya bari ta wuce, kwas ɗin ya zama nasa: ko ya shiga aji ko bai shiga ba, sunansa zai fito a jerin masu jarrabawa, kuma za a rubuta masa sakamako.

Wannan tsari bai zo mana tare da Turawan Ingila ba, shi ya sa ko 'yan bokonmu na dā ba su san shi ba. Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, ta tashi ne a ƙarƙashin inuwar Jami'ar Landan, ba ta fara cin gashin kanta ba sai 1961. A tsohon tsarin Ingila ɗalibi kan zauna da darussansa shekara guda cur, sa'an nan ya fuskanci babbar jarrabawa mai yanke hukunci. Tsarin simista da kiredit daga Amurka ya samo asali. Charles Eliot, wanda ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, shi ne ya yi fice wajen barin ɗalibi ya zaɓi darussansa, daga baya aka fito da awon kiredit don a san nauyin kowane darasi. Waɗanda suka gina tsarin sun san cewa duk wanda aka ba zaɓi zai iya kuskure, saboda haka suka gina masa ƙofar gyara a jikinsa. Mu kuwa mun karɓi zaɓin, mun toshe ƙofar da hannunmu.

Yanzu mu yi lissafin a fili, irin na 'yan kasuwa. A Legon harafin A yana da maki 4, B yana da 3, F kuwa sifiri ne. Yawancin kwasa-kwasai kiredit 3 ne, don haka mai kwas shida yana ɗauke da kiredit 18. A ce ya sami B a biyar. Kowane ɗaya 3 sau 3 ne, wato 9, biyar ɗin sun ba shi 45. Idan ya faɗi na shida, gida 18 za a raba 45 ɗin, ya tashi da matsakaicin maki 2.5, abin da ɗalibai ke kira GPA. Da ya ajiye kwas ɗin cikin wa'adi, gida 15 za a raba, ya tashi da 3.0. A ma'aunin jami'ar, digiri mai daraja ta biyu ta sama daga 3.0 yake farawa, 2.5 kuwa tana cikin ta ƙasa. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi da kaso cikin ɗari suke auna matsakaicin, amma hukuncin ɗaya ne: maki mummuna guda yana jan sauran ƙasa. Gaskiya ne simista ɗaya ba ita ke yanke darajar digiri ba. Sai dai wanda ya faɗa rami a shekara ta biyu yakan ƙare sauran shekarunsa yana cike gurbi, kuma duk wanda ya taɓa neman gurbin digiri na biyu, ko tallafin karatu, ko aiki a manyan ma'aikatu ya san tambayar farko da ake yi: wace daraja ka fita da ita? Ba mu ma saka lokacin da yaron ya ɓata yana fama da kwas ɗin da ba zai ci ba, wanda da ya zuba shi a sauran biyar, wata B ɗin ta zama A.

Me ya sa abin ya fi cin namu? Domin dokar jami'a ana gadonta kamar yadda ake gadon sana'a. Ɗan lakcara ko ɗan babban ma'aikaci ya ji labarin kiredit da wa'adi a kan teburin abinci tun yana sakandare, kuma ranar da ya rikice akwai wanda zai kira. Tun da aka fara sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, rukunin farko suka kammala a 2020, yaran Nima da Mamobi da Sabon Zango, na Aboabo da Asawase, na Zangon Tamale da sauran garuruwa sun ƙara samun hanyar manyan makarantu, kuma da yawansu su ne na farko a zuri'arsu. Wannan abin godiya ne. Amma yaron da ba shi da wa ko ya da ta riga shi shiga, yakan yi rajista ne a shagon kwamfuta, mai shago yana hanzari saboda layi, ko ya kwafi jerin kwasa-kwasan abokinsa ba tare da duba sharaɗin kowane ɗaya ba. Littafin dokokin ɗalibai yana nan a intanet, shafuka masu yawa cikin Turancin lauyoyi, bai taɓa buɗe shi ba. Tarbiyyar da muka yi masa kuma ta hana shi ƙwanƙwasa ƙofar malami ya yi tambaya, domin mun koya masa cewa yawan tambayar babba rashin kunya ne, muka manta mu ne masu cewa matambayi ba ya ɓata.

Sai kuma batun kuɗi, wanda ke cinye wa'adin tun kafin yaro ya iso. A jami'o'inmu ba a buɗe wa ɗalibi shafin rajista sai ya biya wani kaso na kuɗin makaranta. A gidajenmu kuɗin nan ba a banki yake kwance ba. Ana jiran kawu ya aiko daga Jamus ko Amurka, ana jiran kwasar adashi, ana jiran a sayar da saniya a Tulaku. Kafin a haɗa, mako biyu ko uku sun tafi. Yaron zai shiga aji ya tarar an yi nisa, kuma kwanakin da ya kamata ya ɗanɗana kwas ya ga ko zai iya sun ƙare ko sun kusa. Kada wani ya ɗauka wa'adin kuɗi wasa ne: a watan Afrilu na 2022 jami'ar nan ta Kumasi ta sanar da jingine karatun ɗalibai fiye da 6,000 saboda ba su biya kashi 70 cikin 100 na kuɗinsu cikin lokaci ba. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantunta, mun yaba, amma shekara ta biyu da ta uku da ta huɗu suna nan, ga kuɗin ɗaki, ga na ci.

Mun san abin da masu ja da mu za su ce, domin mun sha jinsa a zaure da ƙofar masallaci.

Za su ce haƙuri maganin zaman duniya ne, yaron da aka koya wa sauke kaya tun yana ƙarami ba zai riƙe gida ba. Ba mu raina haƙuri ba, shi ya riƙe iyayenmu a ƙasar da suke 'yan tsiraru. Amma ana haƙuri ne da abin da ba a iya sauyawa. Wanda aka nuna masa gada ya ce shi sai ya bi ta cikin kogi, ba wanda zai yaba masa da juriya in ruwa ya tafi da shi. Addinin da muke taƙama da shi bai san irin wannan taurin kai ba. Marar lafiya da matafiyi an ba su rangwame su sha azumi su rama daga baya, ba mu taɓa jin malami ya kira su ragwaye ba. Kwas ɗin dole da aka ɗage zuwa wata shekara ramuwa ce, za a biya ta ba makawa, sai dai a lokacin da jiki zai iya.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya yi nisa a fiƙihun Malikiyya ya haɗu da babin hiyari, wato ciniki da sharaɗin zaɓi: mai saye ya karɓi kaya ya gwada na wani lokaci ƙayyadadde, in bai gamsu ba ya mayar. A Muhtasar na Shaihu Halilu an kimanta lokacin gwargwadon abin sayarwa, kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga dabba ko tufa. In lokacin ya ƙare kaya na hannunsa, ciniki ya tabbata a kansa. Wannan shi ne ainihin dokar jami'a, ba ragi ba ƙari. Ba mu taɓa ganin Alhajin da ya sayi sa da sharaɗi, ya gano yana ɗingishi, ya ƙi mayar da shi don kada a ce ya ji tsoro ba. A kasuwa mun san cewa mayar da kaya cikin wa'adi wayo ne, barin wa'adi ya wuce kuma sakarci. Don me hukuncin zai juye da zarar an shiga harabar jami'a?

Za su ce ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta wa yaro shi zai samu. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Sai dai ranar da aka buga a kalanda tun kafin a buɗe makaranta ba gaibu ba ce. Jingina wa ƙaddara abin da ƙin karatu ya jawo mana rashin ladabi ne, kuma malamanmu sun daɗe suna gaya mana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi.

Za su ce an riga an biya kuɗi, ajiye kwas asara ce. A jami'o'in gwamnati ɗalibin digirin farko kuɗin shekara yake biya, ba a yi masa ƙidayar kwas ɗaya-ɗaya. Ajiye na zaɓi ɗaya cikin wa'adi ba ya cin ko sisi daga aljihun uba. Faɗuwa ita ce mai tsada, domin sake kwas ko sake jarrabawa yakan zo da nasa kuɗin, wani lokaci har da ƙarin zama a makaranta.

Za su ce, kuma wannan ita ce hujjarsu mai ƙarfi, idan aka buɗe wannan ƙofa malalaci zai mayar da ita hanya, duk darasin da ya ɗan ciza sai ya yar. Wannan tsoro yana da tushe, ba za mu musa ba. Akwai yaran da wahalar mako biyun farko ke razanawa, alhali da sun daure da sun ci. Akwai kwas ɗin da shi ne tsanin wani, in ka ɗage shi ka ɗage duk abin da ke bisansa, har kammalawarka ta ja da shekara. Amma jami'a ta riga ta yi wa ƙofar mari: kwas ɗin dole ba ya yafuwa, ba a sauka ƙasa da mafi ƙarancin kiredit, kuma ba a ba da digiri sai jimillar ta cika. Abin da wannan hujja ke nunawa shi ne ajiye kwas shawara ce mai nauyi da ke buƙatar zama da wanda ya sani. Ba ta nuna cewa a haramta ta a kan waya cikin minti ɗaya ba. Uban da ya ce "kada ka kuskura" ba tare da tambayar wane kwas ne, na dole ne ko na zaɓi, kiredit nawa zai rage, ya yanke hukunci a shari'ar da bai saurara ba.

Mafi muni daga sharrin wannan kunya shi ne abin da take haifarwa a ɓoye. Yaron da aka hana shi fita ta ƙofa yakan fita ta taga: ya daina shiga aji kawai, bai rubuta wa kowa takarda ba, yana zaton in bai je ba an manta da shi. Kwamfuta ba ta mantuwa. A Legon, wanda ya kasa kammala kwas bisa uzurin da hukumar jarrabawa ta karɓa akan rubuta masa harafin I, ya samu damar cikewa, wanda kuwa ba a karɓi dalilinsa ba akan ba shi X, lissafinsa daidai da faɗuwa. Tsakanin haruffan nan biyu sau da yawa takarda ɗaya ce, da shaidar likita, da kai su a kan lokaci. Haka batun jingine karatu gaba ɗaya. Jami'o'i suna da hanyar da ɗalibi zai nemi a ɗage masa simista ko shekara saboda ciwo ko wani babban dalili, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mun ga 'yan matanmu da aka aurar suna tsakiyar karatu, ciki ya zo da laulayi, suka zauna a gida ba sanarwa, suka dawo bayan suna suka tarar da jerin sifiri. Mun ga wadda ta koma jinyar mahaifiyarta wata huɗu, da wanda ya tsaya riƙe shagon uba bayan rasuwa. Dukansu uzurinsu karɓaɓɓe ne a wurin Allah da wurin mutane, kuma da sun rubuta da wuri da wataƙila an karɓe shi a ofis. Mun ma san waɗanda aka sallama tuntuni amma suna shiryawa kowace simista su bar gida da jaka, domin ba su da fuskar da za su gaya wa Umma. Mu muka gina musu wannan kurkuku da bakinmu, ranar da muka fara kiransu Dokta da Barista tun ba su gama shekarar farko ba.

Yanzu ga maganarmu da jami'o'i. Ba mu ce a soke wa'adi ba. Makarantar da ke da dubban ɗalibai dole ta san ranar da jerin sunaye zai tsaya, don a tsara ɗakunan jarrabawa, don kuma kujerar da wani ya bari ta samu mai zama. Amma doka mai adalci ita ce wadda wanda za ta hukunta ya ji ta. Jami'ar da ta iya nemo ɗalibi idan yana da bashi, ta iya aika masa saƙon waya mako guda kafin ƙofar ajiye kwas ta rufe, cikin kalmomi masu sauƙi, tare da abin da zai biyo baya. Muna kuma neman malamai su yi ɗan gwaji ko su ba da aikin gida a makonnin farko, domin a yanzu sau da yawa wa'adi yana wucewa kafin ɗalibi ya ga maki ko ɗaya da zai auna kansa da shi, kamar a ce wa mai saye ya yanke shawara a kan dokin da bai hau ba. Malamin da aka naɗa mai ba ɗalibai shawara ya kasance yana da ranar zama da aka sani, kada ya zama suna a allon sanarwa. Wanda kuma talauci ya jinkirta wa rajista, aka karɓi kuɗinsa a makare, a ba shi 'yan kwanakinsa na zaɓi daga ranar da ya shiga. In ba haka ba, haƙƙin ya zama na masu biya da wuri kaɗai.

Amma ko jami'a ta ji ko ba ta ji ba, akwai abin da ke hannunmu tun daga gobe. Kowane ɗalibi, ranar da kalanda ta fito, ya rubuta ranaku uku ya manna a bango, ya kuma aika wa gida: ranar ƙarshen biyan kuɗi, ranar rufe rajista, ranar ƙarshen ajiye kwas. Kafin ya ɗauki kwas na zaɓi ya duba abin da aka gina shi a kai, ya tambayi waɗanda suka yi shi bara. In ya cire kwas, ya sake buga takardar rajista ya tabbatar ya fita, ya adana ta, domin maganar baka ba ta tsayawa shaida a ofis. In ciwo ko rasuwa ko haihuwa ta gitta, takarda ta riga shi isa wurin shugaban sashe. Iyaye kuma, idan yaro ya kira ya ce wani darasi ya fi ƙarfinsa, kada a amsa nan take. A ce masa: "Wa ka tambaya? Yaushe ne wa'adin?" Sa'an nan a nemi wani ɗan unguwa da ya yi jami'a a haɗa su a ranar. Yaron da ya iya faɗa wa ubansa rauninsa ya yi abin yabo, kuma in aka kunyata shi sau ɗaya ba zai sake faɗa ba.

Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Gana tana da rassa a manyan makarantu, tana tarbar sababbin ɗalibai kowace shekara. Muna roƙon a ware sa'a guda a wannan tarba don karanta dokar rajista layi-layi, da lissafin maki a kan allo. Limamanmu su ba abin minti biyar bayan sallar Juma'a a makon komawa makaranta, kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure da jana'iza. Sarakunan Zango da masu kula da Asusun Raya Zango su sani cewa biya wa yaro kuɗi rabin aiki ne in ba a haɗa shi da mai nuna masa hanya ba. Mu kuma da muka riga muka fita, kowannenmu ya ɗauki yara biyu ko uku a unguwarsu, ya kira su a mako na biyu na kowace simista ya tambaye su yadda kaya ke zaune a ka.

Abin mamaki ne a ce mu ne muke jin kunyar sauke kaya, alhali sunan unguwarmu ma daga nan ya fito. Kakanninmu fatake, masu bin hanyar goro daga Kano zuwa Salaga, inda ayari ya tsaya aka sauke wa jakuna kaya aka huta, nan suke kira zango. A nan madugu ke duba dabbar da ta gaji, a rage mata a ƙara wa wata, a sake ɗauri, gobe a kama hanya. Ba a taɓa zagin madugu don ya rage wa jaki nauyi ba, wanda ake zagi shi ne wanda ya bari dabba ta faɗi a daji da kayan mutane.

Yaron da muka fara da labarinsa yana shekarar ƙarshe yanzu, yana ta faman cike gurbin da kwas ɗaya ya haƙa masa, kuma muna sa ran zai fita lafiya. Ƙanwarsa ta samu gurbi bana. Da hannunsa ya rubuta mata ranakun nan uku a bangon littafinta, kuma da za ta tafi, mahaifinsu ne da kansa ya ce mata in wani abu ya yi mata nauyi ta gaya wa yayanta tun da wuri. Gida ɗaya ke nan ya koya, amma da tsada ya koya. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata, tun kafin simista mai zuwa ta kama. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu jagora, Ya ba mu ikon faɗa wa juna gaskiya a kan lokaci.